Hangen Dubai Daga Hawa Na 124

Kawuna ya fi shekara 20 yana zuwa Dubai sarin kaya, amma in ka ce ya ba ka labarin garin, abin da zai lissafa maka bai wuce wuri biyar ba: kasuwar Naif, kasuwar gwal, shagunan yadi na Bur Dubai, ofishin masu kago, sai masallacin da yake salla. A Deira yake sauka, a Deira yake kwana, daga Deira yake komawa filin jirgi. Burj Khalifa kuwa ta tagar tasi yake hango shi, tsaye cikin hazo kamar allura, bai taɓa sha'awar taka ƙafarsa can ba. Duk wanda ya yi masa zancen, amsarsa ɗaya ce: "Me ake sayarwa a saman?"

Ni malamin makaranta ne, ban iya ciniki ba. Idon Kawu ne ya fara rauni, ya ce in raka shi cikin hutu in riƙa rubuta masa lissafi. Muka tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano a farkon watan Janairu, muka canza jirgi a Addis Ababa, muka sauka Dubai da talatainin dare. Agogonsu yana gaba da namu da awa 3, saboda haka barcin da na yi kafin asuba bai kai na kaza ba.

Kwana huɗu muna cikin kasuwa. Wanda bai je Deira ba zai ɗauka duk Dubai gilashi ne da gwal. Deira lunguna ce matsattsu, da 'yan dako masu tura kura cike da diloli, da ƙamshin turaren wuta gauraye da na shayi mai citta. Hausa kuwa ka ji ta ta ko'ina. Ga hajiyoyi suna taya abaya, ga 'yan Kantin Kwari suna duba leshi da shadda, ga yaran shago 'yan Pakistan da suka haddace "Alhaji, zo ka gani" da "Nawa za ka biya?" Da rana mu hau wani ɗan bene mu ci tuwo da miyar kuka, da dare in zauna da biro ina tara lambobi har kaina ya yi nauyi.

Ban gaya wa Kawu ba, tun ranar Talata na sayi tikiti biyu ta intanet, na ƙarfe huɗu da rabi na yammacin Alhamis. Na gab da faɗuwar rana ya fi tsada, shi ya sa ake kama shi da wuri. Da muka miƙa kaya ga masu kago ranar Alhamis da hantsi, sai na ce, "Kawu, yau ku ne baƙona. Za mu hau benen nan." Ya tambayi kuɗin, na faɗa. Ya yi shiru yana juya shi zuwa naira, daga naira zuwa turamen atamfa. Can ya ce, "Yaro, da ka shawarce ni da na hana ka. Amma kuɗin da aka riga aka biya ba a barinsa ya tafi a banza. Ka dai sani ina azumi."

Muka shiga jirgin ƙasa na cikin gari a tashar Baniyas, muka canza a Union. Jirgin ba shi da direba, kwamfuta ce ke tuƙa shi, kuma tun 2009 yake aiki. Ya nutsa da mu ta ƙarƙashin ruwa, ya ɓulla ƙetare, sannan ya hau gada ya bi gefen babban titin Sheikh Zayed. A nan na fara ciwon wuya. Benaye ne jere dama da hagu, kowanne sai ka kwantar da kai baya kafin ka ga ƙarshensa. Kawu bai ɗaga kai ba, yana jan carbi.

Daga tashar da muka sauka zuwa Dubai Mall akwai wata doguwar gada rufaffiya mai sanyin iyakwandishan, da dandamali mai tafiya da kansa a wasu wurare. Muka yi ta tafiya har Kawu ya fara tambaya ko mun ɓata. Tsawon gadar mita 820 ne. Na ce masa, "Kun ga tafiyar nan da muka yi? In aka ɗaga ta aka tsayar, kusan ita ce tsayin benen. Mita 828 ne." Ya tsaya, ya waiwaya ya dubi inda muka fito, bai iya hango farkonta ba. Wannan ne karo na farko da na ga lissafina ya shige shi.

Muka yi la'asar a masallacin cikin kantin, muka gangara hawan ƙasa inda ƙofar shiga take. Layi dogo ne, kowane irin mutum akwai: Indiyawa da iyalansu, 'yan Sin da kyamarori, Turawa cikin gajeren wando duk da mu muna jin sanyi-sanyi, wasu mata Larabawa cikin niƙabi. Aka binciki jakunkuna kamar a filin jirgi, aka sake mu cikin wani dogon soro da aka jera hotunan yadda aka yi aikin, da ƙaramin samfurin ginin cikin gilashi.

A nan Kawu ya farka. Mutum ne da ya gina gida da hannunsa, ya san kuɗin rodi da siminti, saboda haka tambayarsa ta farko ita ce, "Harsashinsa fa? A kan yashi?" Na karanta masa: turaku 192 na kankare aka kafa, kowanne ya nutse ƙasa fiye da mita 50, aka zuba musu dandamali mai kaurin kusan mita 4. Aka fara aikin a 2004. Wani Ba'amurke mai suna Adrian Smith, na wani kamfanin zanen gine-gine da ke Shikago, shi ya zana shi, kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu ya jagoranci ginin. In ka dubi samfurin daga sama za ka ga reshe uku ne suka haɗu a tsakiya, kowanne yana tokare da sauran. Kawu ya ce, "Murhu ke nan. Dutse uku, tukunya ba ta faɗuwa." Rassan suna raguwa ɗaya bayan ɗaya, suna zagayawa yayin da ake yin sama, don iska ta rasa inda za ta kama ginin ta jijjiga shi. Kankaren kuma da injin aka riƙa tura shi ta bututu har sama da mita 600, kuma lokacin zafi da dare ake zuba shi, a haɗa kwaɓin da ƙanƙara don kada ya tsage.

Labarin sunan ne ya fi yi masa daɗi. Burj da Larabci hasumiya ke nan, kuma duk tsawon aikin Burj Dubai ake kiransa. Sai tattalin arzikin duniya ya karye, bashi ya taso wa Dubai a wuya a ƙarshen 2009, Abu Dabi ta kawo ɗauki da dala biliyan 10. Ranar da aka buɗe ginin, 4 ga Janairun 2010, sai aka ji an raɗa masa sunan Sheikh Khalifa bin Zayed, sarkin Abu Dabi kuma shugaban Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a lokacin. Kawu ya yi dariya har da tafa hannu. "Ko a Kwari haka ake yi. Wanda ya fitar da kai kunya ranar biyan bashi, in aka yi maka haihuwa sunansa za ka sa."

Liftar ba ta da taga. Aka cusa mu, ƙofa ta rufe, fitila ta dushe, hotuna suka fara gudu a bango. Ban ji motsi ba ko kaɗan, sai lambobi da ke tsere: 30, 60, 90. Mita 10 take ci a daƙiƙa guda. Kunnena ya toshe, na haɗiye yawu ya buɗe, ya sake toshewa. Na ji Kawu ya riƙe gefen rigata yana salati a hankali. Kafin ya kai ƙarshe ƙofa ta buɗe. Wajen minti ɗaya ke nan, ga mu a hawa na 124, mita 452 daga ƙasa.

Abin da ya fara dukana shi ne shirun. Ga titi mai layuka shida ko bakwai kowane ɓangare, cike da motoci, amma ko ƙarar ƙaho ɗaya ba ta isowa. Benayen da suka sa ni ciwon wuya ɗazu, yanzu rufinsu nake kallo, da tankunan ruwa da injinan sanyi a kai, kamar an jera kwanuka an manta ba a rufe ba. Muka fita barandar waje, wadda aka kewaye da gilashi mai 'yan tsagogi. Iska mai sanyi ta shigo ta tsagar. Na ɗaga kai, sai gabana ya faɗi: ginin bai ƙare ba, akwai sauran mita 376 a samanmu. Benen NECOM na Legas, wanda ya daɗe yana riƙe da kambin tsayi a Najeriya, mita 160 ne. Ko ka ɗora biyu a inda muke tsaye ba su kai tsinin ba.

Daga nan ne na fahimci siffar garin. Dubai siririya ce, kamar zanen da aka shanya tsakanin ruwa da yashi. Ta gefe guda teku ce, da fararen gidajen Jumeirah gajeru-gajeru da hasumiyoyin masallatai a tsakaninsu. Can nesa ga otal ɗin Burj Al Arab mai siffar filafilan jirgin ruwa, ga kuma tsibiran da aka cike da yashi aka jera su kamar taswirar duniya, hazo ya kusa haɗiye su. Ta ɗaya gefen, unguwanni suna tafiya suna tafiya, sai kawai su tsaya, hamada ta karɓa. Inuwar benen kanta ta miƙe wajen gabas, doguwa, ta ratsa tituna da gidaje kamar hannun agogo.

Akwai wasu madubai na hangen nesa masu allo. Ka juya su inda kake so, su nuna maka wurin yadda yake yanzu, ko yadda yake da dare, ko yadda yake a da. Na danna na da. Benaye suka ɓace, sai fili da yashi. Na kira Kawu ya gani, sannan ta gilashi na nuna masa wani ɗan farin bene da ya maƙale cikin manya, Cibiyar Kasuwanci ta Duniya, mai hawa 39, wadda aka buɗe a 1979. A zamaninta ita ce abin nunawa, tana tsaye ita kaɗai a bakin hanyar Abu Dabi. Kawu ya zaro takardar dirhami 100 daga aljihu ya juya bayanta, ga hoton ginin. Ya dubi takardar, ya dubi ginin, ya ce, "Allah Sarki. Kowa da ranarsa."

Sai ya yi tambayar da tun ɗazu take cinsa: "To, ina Deira?"

Muka zagaya ɓangaren arewa maso gabas. Na daɗe ina nema. Da jiragen sama na gane, don suna sauka ɗaya bayan ɗaya a kusa da wurin. Gabansu kaɗan ga wani zare na ruwa ya shigo daga teku ya lanƙwasa, gefensa wasu gine-gine masu launin ƙasa sun cure wuri guda. Na ce, "Ga ta can." Kawu ya matso, ya ƙanƙance ido, ya ɗora babban yatsansa a kan gilashin. Yatsan ya rufe ta gaba ɗaya: Naif, kasuwar gwal, masaukinmu, masu kago, masallacinsa. Ya daɗe bai ɗauke ba. Ya ce, "Shekara 20 ina cewa na san Dubai. Ashe abin da na sani bai fi yatsa ba."

Na so in lallashe shi, sai na tuna abin da na karanta kafin mu taso, na ga ba lallashi ba ne ma, gaskiya ce. Wannan zaren ruwan, mashigin da Larabawa ke kira Khor, shi ne uwar duk abin da muke kallo. A da mutanen nan da nutso neman lu'ulu'u suke ci, har Japan ta gano yadda ake noma shi, kasuwarsu ta mutu a shekarun 1930, aka sha yunwa. Abin da ya rage musu fatauci ne, shi ma yashi yana cike mashigin, manyan jiragen ruwa ba sa iya shiga. Sheikh Rashid bin Sa'id ya hau sarauta a 1958, ya ci bashi daga Kuwait, 'yan kasuwar garin su ma suka zuba kuɗi, aka yashe ruwan aka gyara bakinsa. An yi wannan kafin a ga ɗigon mai, don sai 1966 aka gano shi a Dubai, aka fara fitar da shi a 1969. Mu namu an gano shi a Oloibiri tun 1956. Da kuɗin man ya zo musu, tashar jiragen ruwa suka ƙara, irin ta Jebel Ali da aka buɗe a 1979, suka faɗaɗa filin jirgi, suka yi hanyoyi. Yau mai kaso ne ɗan kaɗan cikin abin da Dubai ke samu. Na ce, "Kawu, da kuɗin irinku aka ɗora benen nan. Duk dilar da kuka saya, kun sa bulo." Ya ce, "To ai da sun rage mini kuɗin tikiti."

Kusa da mu wani saurayi cikin kayan aiki yana bin gilashi da tsumma, yana goge sawun hannun mutane. Da Kawu ya ɗauke yatsansa, ya zo ya goge wurin. Kawu ya yi masa sallama, ya amsa, ya ce daga Bangladesh yake. Ban ga ya dubi waje ko sau ɗaya ba. Irinsa ne suka yi aikin nan, yawanci daga Indiya da Pakistan da Bangladesh, har an kai lokacin da mutum wajen 12,000 ke kan aikin a rana. A watan Maris na 2006 leburori sun yi bore a wannan fili saboda ƙarancin albashi da halin da ake riƙe su. Sansanonin da irinsu ke kwana suna can bayan gari. Na juya madubin nan ta ko'ina, yana rubuta sunan otal-otal da manyan benaye, bai nuna mini ko ɗaya daga cikinsu ba.

Sai na tuna Dala. Muna yara mukan hau dutsen da yamma, mu hango Goron Dutse da koren tulluwar babban masallaci. Amma a kan Dala garin yana biyo ka sama. Kana jin dakan sakwara, da kukan akuya, da muryar mai tallan ƙosai, kana shaƙar hayaƙin girki, wani lokacin har ka gane mutum da tafiyarsa. A hawa na 124 babu abin da ke hawowa. Tsari kake gani, tsaf kamar zane a takarda, ba ka ganin mai shi. Magabata sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. A ranar na ga ko a tsakiyar birnin kake, in ka yi sama da yawa ka fita daga cikinsa.

Muka hau matakala zuwa hawa na 125, muka zagaya, muka dawo wajen yamma don rana ta yi ja. Akwai wani dandalin a hawa na 148, mita 555, amma kuɗinsa ya ninka namu, ban ma kawo wa Kawu zancen ba. Mutane suka taru jikin gilashi, kowa ya ɗaga waya. Kawu ya lura cewa inda ranar ke faɗuwa nan ne alƙibla, don Makka tana yamma da Dubai. Ya ce shekara da shekaru abin yana ba shi mamaki, Bahaushe ya ce zai fuskanci gabas, ya juya wa gabas baya.

Wayarsa ta kira sallar magariba. Ya sa hannu aljihu ya ɗauko dabino, har ya kai baki. Na riƙe hannunsa na ce, "Kawu, ku duba." Ƙasa ta riga ta yi duhu-duhu, fitilun titi sun kama, amma ga gefen rana ja wur a saman teku, ba ta gama nutsewa ba. Wanda ke sama yana ganin rana bayan ta ɓace wa na ƙasa. Malaman Dubai sun yi fatawa kan haka tun 2011: mazauna hawa na 80 zuwa sama su jinkirta buɗa-baki da minti 2, na sama da hawa 150 da minti 3. Kawu ya tsaya da dabino a hannu, idonsa a kan rana, har ta shige. Sannan ya yi bisimilla. Ya ce, "Ikon Allah. Gida ɗaya, na ƙasa ya sha ruwa, na sama yana azumi. Wannan kaɗai ya biya kuɗin."

Da ƙarfe shida ruwan tafkin da ke gindin benen ya fara rawa. Daga ƙasa, an ce yana tashi har mita 150, mutane suna ihu. Daga inda muke kamar ana yayyafi da tsintsiya a cikin faranti. Garin kuwa ya kama da wuta, titin Sheikh Zayed ya zama kogi biyu, ɗaya fari ɗaya ja. Muka bi layin sauka. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, minti ɗaya ya dawo da mu cikin hayaniya da ƙamshin abinci. Muka yi magariba a inda muka yi la'asar.

A komawa Kawu ne ya ja gaba. Ya ce, "Ka kai ni naka, bari in kai ka nawa." Muka sauka ɓangaren Bur Dubai, muka ratsa kasuwar yadi zuwa bakin ruwa, muka shiga abra, kwalekwalen katako mai inji da ke ƙetarar da mutane. Dirhami ɗaya kowa. Muka zauna kafaɗa da kafaɗa da leburori da 'yan kasuwa, ruwa yana fallatso mana, hayaƙin gas yana shiga hanci, kiran isha yana tashi daga gaɓa biyu. A ɗaya gefen ga manyan jiragen katako an ɗaure, ana loda musu firiji da tayoyi da buhuna, masu zuwa Iran da gaɓar Afirka ta gabas. Wannan ne zaren da yatsa ya rufe ɗazu. Mintuna kaɗan muka yi a kansa, amma na ga fuskoki fiye da duk waɗanda na hango daga sama.

Wanda Allah ya kai shi Dubai, ya daure ya hau benen nan ko sau ɗaya ne. Ya sayi tikiti da wuri, ya zaɓi yamma, ya roƙi Allah kada a yi hazo, in kuma yana azumi ya bi rana, kada ya bi waya. Idan ya hau ya nemi Deira ta wajen da jirage ke sauka. In ya sauko kuma kada ya wuce masauki sai ya biya dirhami ɗaya ya ƙetare ruwan, don a nan garin yake.